Tambayi Malam: NCE ko digiri, wanne zai kai ni gaban allo?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato maganar karatun malanta, ina jin don lokacin cike fom ne ya kama. Na tsinci kaɗan daga ciki, wasu na rage masu tsawo saboda fili, wanda bai ga nashi ba ya yi haƙuri sai wani jiƙon.

Tambaya: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ɗiyarka ce daga Daura, bara na gama sakandare kuma Alhamdulillah na samu kiredit shida har da Turanci da lissafi. Tun ina ƙarama nake son koyarwa musamman 'yan firamare, don ko a gida ni ke yi ma ƙannena lesin. To Babanmu ya ce in yi NCE nan Daura kusa da gida, ni kuma digiri nake so don ƙawayena sun ce NCE ɓata lokaci ne, ka yi shekara uku ka gama kuma ka koma jami'a ka sake wasu. Malam don Allah meye gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya yi albarka, kuma ki gaishe mani da Baba. Ta fuskar lissafi ƙawayenki ba su yi ƙarya ba. In kika shiga jami'a kai tsaye ta jarabawar JAMB, digirin ilimi shekara 4 ne. In kika fara da NCE, wato takardar malanta ta kwalejin ilimi, shekara 3 ne, sannan ki sayi fom ɗin DE a ɗauke ki aji biyu na jami'a ki ƙara 3, ya zama 6 ke nan. To amma inda suka kuskure shi ne da suka ce ɓata lokaci ne, don NCE ba share fage ba ce kawai, takarda ce mai cin gashin kanta, ita ce ma mafi ƙarancin shaidar da tsarin ilimin Najeriya ya yarda mutum ya shiga aji da ita tun bayan da aka daina yayin Giredi Tu, tsohuwar takardar malanta. Ranar da kika karɓe ta kina iya neman aiki a firamare ko ƙaramar sakandare, waɗannan shekaru 9 ɗin da ake kira ilimin bai-ɗaya, 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, duk mai NCE na da hurumi a cikinsu. Ita kuma 'yar jami'a da ta yi shekara 3 ta tsaya, me ke hannunta? Babu komai sai katin shaidar ɗalibta.

Wannan maganar ta tsayawa ba don in tsorata ki na kawo ta ba, kin san garin nan kin san yadda abin yake, yarinya na aji biyu manemi ya fito, iyaye su ce ba za a jira ba, miji ya yi alkawarin za ta ci gaba, ciki ya zo, goyo ya zo, shi ke nan sai labari. Ina zaton irin lissafin da Baba ke yi ke nan ko da bai faɗa maki ba, ga kuɗin mota Daura zuwa Katsina ga na hostel ga hankalinshi da zai rabu biyu. Saboda haka kada ki ɗauke shi a matsayin mai tauye ki. Kwalejin Yusufu Bala Usman na nan cikin Daura tana yin NCE, akwai kwalejin ilimi ta tarayya, FCE Katsina, a kan hanyar Dutsin-ma, akwai kwalejin Isa Kaita a Dutsin-ma. In kuma digirin ne kai tsaye, jami'ar Umaru Musa Yar'adua da ta tarayya ta Dutsin-ma da Al-Qalam duk suna da ɓangaren ilimi. Sannan akwai wani sabon abu da ba kowa ya farga da shi ba, a 2023 an sa hannu a dokar da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar su riƙa ba da digiri da kansu tare da NCE, a da sai dai su raɓu da wata jami'a ta ba da takardar da sunanta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, kuma nan nake so ki fi ba ni hankalinki. Rigimar NCE ko digiri ƙarama ce a kan rigimar wane kos. Kin ce 'yan firamare kike so, to akwai kos ɗinsu na musamman, ilimin firamare, wanda 'yan makaranta ke ce ma PES wasu su ce PED, akwai kuma ECCE na 'yan ƙasa da firamare. A nan ne ake koya ma mutum yadda yaro ɗan shekara shida ke gane cewa wannan zanen da ke kan allo sauti ne, yadda ake haɗa baƙi da wasali ya zama gaɓa, yadda ake koyar da tarawa da ɗebewa da tsakuwa ko murfin kwalba kafin a zo kan lamba. Malamin firamare sau da yawa shi kaɗai ke riƙe da aji tun safe har tashi, ya yi lissafi ya yi Turanci ya yi Hausa ya yi kimiyya, to wanda ya yi shekara uku yana karanta tattalin arziki da kimiyyar siyasa in aka jefa shi aji ɗaya me zai yi masu? Abin haushi yara da yawa raina wannan kos ɗin suke, wai na waɗanda makinsu bai kai ba ne, sai kowa ya ruga inda abokai suka tafi, a fito a taru a layi ɗaya ana neman gurbi ɗaya. Ni a ganina wannan rainin shi ne babban abin da ke sa ka iske yaro a aji biyar bai iya karanta sunan garinsu ba.

In kuma kin ga ƙaramar sakandare ta fi kwanta maki, can darasi-darasi ake koyarwa, sai ki ɗauki haɗin darasi biyu ko guda mai ninki, kuma tunda kina da lissafi kada ki guje shi, malaman lissafi da kimiyya da Turanci ba su cika yin kwantai ba, balle mace.

Shawarata a taƙaice, ki zauna da Baba cikin ladabi, in da hali Mama na wurin. In ya amince da jami'a kuma aljihu zai ɗauka, bismillah ki nemi digirin ilimi kai tsaye. In ya tsaya a kan NCE ki karɓa hannu bibbiyu amma ki nemi alkawari ɗaya, cewa za a bar ki ki ɗora, ko a gidanshi ko a gidan miji, a sa shi cikin maganar aure tun farko. Sai ki dage ki fito da sakamako mai kyau, don kowace jami'a na da makin da take nema kafin ta ɗauki ɗan DE, mai fas-fas wahala yake sha. Kuma ko ta wace ƙofa kika shiga ki tabbatar JAMB ta san da gurbinki kin kuma fitar da takardar admishan ɗinta, don rashin wannan ya tsayar da mutane da yawa a bakin DE da bakin bautar ƙasa.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni digirina a kemistiri ne, na yi bautar ƙasa, yanzu shekaru ke nan ina koyar da kimiyya a wata firabet nan cikin Katsina wajen Ƙofar Ƙaura, kuma ba yabon kai ba yarana na cin jarabawa. Sai ga shi da aka zo ɗaukar malamai wani ya ce mani wai ni ba malami ba ne a hukumance, mai NCE ya fi ni. Abin ya ƙona mani rai wallahi. Ya za a yi mai NCE ya fi mai digiri?

Amsa: Lafiya lau ƙanena, sannu da fama. Ka sha ruwa tukuna. Wanda ya faɗa maka bai iya magana ba amma bai yi ƙarya ba. A kemistiri ka fi mai NCE nesa ba kusa ba, ba mai ja da wannan. Sai dai hukuma ba tambayarta ke nan ba, ita tambayarta ita ce an koya maka koyarwa? Akwai hukumar rijistar malamai ta ƙasa, TRCN, dokar soja mai lamba 31 ta 1993 ce ta kafa ta, kuma aikinta a kan malamai shi ne irin aikin da majalisar nas-nas ke yi a kan nas, sai ta yi maka rijista ta ba ka lasisi sannan kake ƙwararren malami a idon doka. Ita kuma ba ta yi ma mutum rijista sai yana da takardar fannin ilimi. Ta kasa malamai gida huɗu, rukunin A masu digirin digirgir, B masu digiri na biyu, C masu digirin farko na ilimi ko masu wani digirin da suka ɗora difilomar ilimi, D masu NCE. Ka ga kai a yanzu ba ka cikin ko ɗaya, shi kuwa mai NCE yana D daram. Ma'anar maganar mutuminka ke nan.

Gyaran kuma bai da nisa. Abin da ya rage maka shi ne PGDE, babbar difilomar ilimi da aka tanada don irinku, galibi shekara guda ce ko ta ɗan haura, jami'o'i na yi, Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI mai hedikwata a Kaduna, ita ma tana yi kuma nata a ƙarshen mako ake zuwa, don haka ba sai ka ajiye aikinka ba. Ka gama, ka shiga rukunin C, ka tsallake mai NCE ɗin da ake yi maka gori da shi. Na san abin da za ka ce, me za a koya mani bayan shekarun da na yi a aji. To ka je da zuciya ɗaya ka gani. Akwai kos na auna fahimta da tsara jarabawa, a nan mutum ke gane cewa tambayoyin da ya daɗe yana yi ma yara hadda kawai suke aunawa. Akwai ilimin halayyar yara, wanda zai fassara maka abin da ya sa ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare da ya zo lafiya lau bara, bana ya zama ɗan taurin kai. Wasu abubuwan ka riga ka san su a aikace, sunansu kawai za ka ji, wasu kuma wallahi za ka ce ina ma tun farko.

Bayan PGDE sai jarabawar TRCN ɗin kanta, wadda aka fara a 2017, kuma a kwamfuta ake yin ta irin ta JAMB, tambaya da zaɓi. Ba kemistiri za a tambaye ka ba, fannin koyarwa ne da dokokin aikin da ɗan Turanci da lissafi da sanin kwamfuta. Kai da ka saba da waya da laftof ba ka da matsala, amma bari in yi amfani da damar in ja kunnen manyan malamanmu na ƙauye. Za ka ga dattijo ya yi shekara ashirin yana koyarwa, ya san amsar sarai, amma ya zauna gaban kwamfuta ya dafe linzamin da hannu biyu kamar zai gudu, kibiya na yawo a allo ya kasa tsayar da ita kan B, agogo na ci, gumi na zuba, yana jin nauyin ya kira yarinyar da ke sa ido don sa'ar ɗiyarshi ce. Don Allah kafin ranar a je kafe ko a sa yaro a gida ya nuna, awa biyu sun isa. Kuma ba a ba kowa kuɗi a bayan fage wai zai fito maka da satifiket ba tare da ka zauna ba, lambar rijista ana iya bincika ta, ranar tantancewa ido zai raina fata.

Wani abu kuma, satifiket ɗin rijista daban lasisi daban, shi lasisin sabunta shi ake yi lokaci-lokaci, kada ka karɓa ka jefa ƙasan akwati ka manta.

Tambaya: Malam Allah ya ƙara lafiya. Ni malamin firamare ne a wata ƙaramar hukuma ta yankin Daura, NCE gare ni, ina da mata da 'ya'ya biyar. Ina son digiri don ƙannen bayana da suka zo da digiri suna neman wuce ni, amma ba zan iya barin albashi in koma makaranta ba. Wani abokina ya ce akwai inda ake yi a Kwatano cikin 'yan watanni. Ina mafita?

Amsa: Amin Malam, tare da kai. Bari in fara da abokin naka, ka gaishe shi amma kada ka bi shi. A farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya yi shigar burtu ya sayo digiri a Kwatano cikin 'yan makonni har ya shiga bautar ƙasa da shi. Tun daga nan duk takardar da ta fito ta wannan hanyar da ido biyu ake kallonta. Ka sayar da tumakin uwargida ka sayo abin da zai iya cinye maka har aikin da kake da shi, ina ribar?

Hanyoyin halal suna nan kuma don irinku aka yi su. Akwai karatun hutu, wanda ake shiga lokacin dogon hutun makarantu, ABU Zariya ta daɗe tana yin shi kuma malaman firamare da yawa na ƙasar nan ta nan suka samu digiri. Akwai na ƙarshen mako a jami'o'i da kwalejojin ilimi. Akwai buɗaɗɗiyar jami'a, NOUN, tana da cibiya a Katsina, kana gida kana karatu sai jarabawa ta kai ka. NTI ma na yin digirin ilimi da haɗin gwiwar jami'a. Duk waɗannan sun fi na kullum jan lokaci kuma ba ka zuwa bautar ƙasa, takardar cirewa ake ba ka, wanda kai da ke da aiki da iyali ba asara ba ce a wurinka. Wahalar ita ce ta jiki, ka yi noma ka yi aji ka yi asamen da fitilar waya, ga kuɗin makaranta da ke faɗowa daidai lokacin taki. Masu dabara adashi suke shiga tun kafin su sayi fom.

Amma ga abin da na fi so ka riƙe, kada ka fara sai da takarda. Ka rubuta neman izini ta hannun hedimasta zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku, ya wuce SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ka jira amincewa a rubuce, ka yi mata hoto ka adana kwafi a gida. Na ga malamai sun gama digiri da guminsu sun kawo a gyara masu mataki an ce ina izinin tafiya, babu, sai a yi ta kai-komo shekara da shekaru. Izinin baka ba izini ba ne, wanda ya ce maka je ka kawai ana iya canza mashi wurin aiki gobe. Sannan ka ɗora a kan abin da kake koyarwa, digirin ya kasance na ilimi, don in ka je ka karanto wani fanni daban ka dawo, ka sake buɗe ma kanka wata ƙofar rigima.

Batun wuce ka kuwa gaskiya ne, mai NCE a mataki na 7 ake ɗaukarshi, mai digiri a na 8, kuma can sama ma mai digiri ya fi samun sararin hawa. Tunda dokar 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, ka duba yadda take aiki a wurinku ka lissafa shekarun da suka rage maka, za ka ga digirin zai biya kanshi.

Tambaya: Malam ina da kiredit bakwai amma lissafi D7 na samu, har sau biyu. Hausa da Islamiyya nake son karanta. Dole sai da lissafi?

Amsa: Ɗana, ka sake zama. A da ko mutum ya samu inda aka lallaɓa aka ɗauke shi a haka, lissafin nan kan tare shi a gaba, wurin karɓar sakamako ko wurin DE. Ana haɗa sakamakon zama biyu, don haka ka yi rijistar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu ka sa ƙarfinka duka a kan darasi ɗayan nan, ka nemi mai koya maka tun daga kason lamba, don galibi daga can ramin yake. Kuma malamin firamare ko Hausa ya karanta wata rana sai an ce ya riƙe ajin lissafi.

Tambaya: Malam don Allah a taimaka, ina NCE 3 kuma an tura mu TP, wato koyon aikin koyarwa a aji, wata firamare cikin gari. Aji biyu aka ba ni, yara sun fi ƙarfin ƙirga, wasu a ƙasa suke zaune. Da na fara magana sai hayaniya, jiya har kuka na yi a ofis. Sati mai zuwa sufabaiza zai zo. Anya ni malama ce kuwa? Ɗiyarka daga Katsina.

Amsa: Share hawayenki ɗiyata, kusan duk wanda kika ga yana taƙama da alli ya yi irin wannan kukan, wasu a ofis wasu a bayan aji. Abin da aka yi maku a kwaleji na gwajin koyarwa, inda 'yan ajinku ke zama kamar yara kina koya masu minti goma, wasa ne, don ƙato mai gemu ba zai tsunkuli na kusa da shi ya ce Malama ya ɗaukar mani fensir ba. Yanzu kika fara karatun.

Ban ga ajinki ba amma bari in yi canke. Kina shiga kike juya baya ki hau rubutu a allo, kwanan wata, darasi, batu, ki cika rabin allo, su kuma ba abin da aka ba su su yi, to me zai hana su hayaniya? Yaron aji biyu ba ya iya zaman jiran ki gama. Gobe ki riga su shiga, ki yi rubutunki kafin a dawo daga asambuli, in sun shigo fuskarki na kallonsu. Kada ki yi gasar ihu da su, su sun fi ki yawa kuma muryarki za ta dishe kafin Laraba. Ki sa masu alama ɗaya, tafi uku misali, kin tafa su amsa da tafi uku kowa ya kama bakinshi, ku maimaita har ya zama wasa. Ki kama sunaye, ki fara da na masu ƙiriniyar, don yaron da aka kira da sunanshi daga can gaban allo wani irin sanyi jikinshi ke yi. Babban mai fitinar ma ki ba shi muƙami, shi ke share allo shi ke raba alli. Kada ki kafe a gaba, ki riƙa ratsawa har bayan aji wurin na ƙasan nan, su ne aka fi mantawa. Bulala kuma ki bar ta, ke baƙuwa ce a makarantar, ki daki ɗan mutane uwar ta zo da mayafi a hannu ba mai tsaya maki.

Darasin kanshi ki rage shi. Ɗaliban TP na da son su zuba duk abin da suka sani cikin minti talatin. Abu ɗaya tak, a ce yau haɗa b da wasula biyar, ba be bi bo bu. Ki yanka kwali ki rubuta kowace gaɓa da girma, ki ɗaga su faɗa, ki kira biyu su fito gaba ɗaya ya riƙe ba ɗaya ya riƙe ba, su tsaya kafaɗa da kafaɗa, ki tambayi aji me suka zama, ki ji yadda ajin zai ɗauka da baba, har wanda ke barci sai ya tashi. Sai ki canza ɗaya ya riƙe bu, a samu babu. Nan take yaro ya gane cewa karatu haɗi ne, kuma ba ki kashe ko sisi ba, kwalin indomi ne da maka ta rubutu.

Shi kuma sufabaiza ba dodo ba ne, zai shigo ya zauna a baya da fom ɗinshi, abu na farko da zai miƙo hannu ya karɓa shi ne lesin fulan, don haka ya kasance hedimasta ko malamin ajin ya sa hannu tun kafin ranar. Zai duba manufar darasin, ki rubuta ta yadda za a iya gani da ido, kamar a ƙarshen darasi yara za su iya karanta gaɓa biyar, ba za su fahimci karatu ba, don fahimta ba a ganinta. Zai duba kayan koyarwa, da yadda kika tsara allo, da ko kina tambayar yara ko ke kaɗai ke zuba, da ko mata da maza duk kina kira, da auna fahimta a ƙarshe, da lokaci. Kada ki yi kuskuren nan na koya masu darasin jiya ki maimaita yau don a burge, yara ba su da sirri, wani zai ɗaga hannu ya ce Malama ai mun yi wannan. Sannan ki riƙe malamar ajin da kyau, ki gaishe ta ki tambaye ta, ko Giredi Tu ta fara da shi ta san yaran nan da iyayensu da kakanninsu.

Tambaya: Malam gaskiya tsakani da Allah, aikin nan na ci da mutum? Yayana ya ce in na karanci malanta na sa hannu a takardar talauci. Daga wani ɗanka a Batagarawa.

Amsa: Ɗana, ba zan yi maka daɗin baki ba, ba wanda ya yi kuɗi da alli. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, sabon malamin gwamnati ba zai yi nisa sosai da nan ba, ka je kasuwa ka tambayi kuɗin buhun masara ka yi lissafinka. Na firabet da yawa ma ba su kai nan ba. Abin da aikin ke da shi shi ne tabbas, da fansho, da tashi da wuri, shi ya sa za ka ga malami da gona ko shago ko lesin na yamma. Kuma ɗauka ba kullum ake yi ba, a 2023 jihar Katsina ta ɗauki malamai sama da 7,000 amma sai da aka yi jarabawa, kuma kowa ya tuna Kaduna a 2017 inda malaman firamare sama da 21,000 suka faɗi jarabawar gwaji aka sallame su. Wato takarda kaɗai ta daina isa, sai da abin a kai.

Shi kuma Yaya ka ce ya leƙa gidan tarihi na cikin garin Katsina, ginin tsohuwar Kwalejin Katsina ne da aka buɗe a 1922 don horar da malamai. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk nan suka yi karatu, kuma duk sun riƙe alli kafin su riƙe ƙasa. Ban ce kai ma za ka zama firimiya ba, zamanin ya canza kuma darajar ta ragu, wannan ba a ɓoye yake ba. In kuɗin makaranta ne damuwar gidanku, akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, ya shafi ɗaliban kwalejojin ilimi na gwamnati, ba ruwa a kanshi, amma bashi ne, za a cire daga albashi in ka fara aiki, don haka a yi shawara da manya kafin a cike.

Masu tambaya a kan takardar NBAIS, hukumar jarabawar Larabci da Islamiyya, da karatun Larabci, da baiwar Allah da ta rubuto daga Mai'aduwa a kan koyar da yara masu buƙata ta musamman, naku na mako mai zuwa in Allah ya kai mu.